Bashin da Ya Zo Har Gida Ba a Neme Shi Ba

 

Ya ku 'yan'uwa masu saurare a Fulatari da Maine-Sorowa da Diffa, da garuruwan bakin Komadugu har zuwa Boso, karatunmu na yau a kan bashi ne. Bashin da buƙata ta kai mutum ya je ya roƙa, wannan mun sha magana a kansa. Yau muna nufin bashin da ke zuwa da ƙafarsa, ya yi sallama a ƙofar gida, mai gida bai neme shi ba.

Kun san yadda yake zuwa. Mai kanti ya ga Salla ta gabato, sai ya aiko da turmin atamfa da sukari, ya ce a ajiye, a biya in an samu. Dillalin tattasai ya sauke wa manomi buhun taki da jarkar mai a bakin gona, ya ce sai kaka a yi lissafi. Wayar salula ma tana aiko da saƙo cewa ka ci bashin kati yanzu, a cire daga baya. 'Ya'yanmu da ke aiki a manyan birane da ƙasashen waje suna ba mu labarin katin banki da ake ba mutum ya yi sayayya da kuɗin da ba nasa ba, in ya makara a ɗora masa ruwa. Sura ta bambanta, amma abin ɗaya ne: an buɗe maka ƙofar da ba ka ƙwanƙwasa ba.

Wata shekara aka kawo mana wata magana sulhu. Wani makiyayi ya tafi da bisashensa neman ciyawa, sai wani ɗan kasuwa da suka daɗe suna hulɗa ya aika masa da buhu 2 na hatsi gida, cikin rani. Iyali suka zaci kyauta ce, suka buɗe ɗaya. Da ya dawo ya tarar, kunya ta hana shi magana, suka ci gaba da ci. Bayan damina mai kaya ya zo, ya ce raguna 2 yake so. Makiyayi ya ce ba su yi haka da shi ba. Da muka tambaye su farashin da suka yanka, babu. Lokacin biya, babu. Shaida, babu. An yi sulhu, amma abotar shekaru ta lalace, kuma a kasuwa aka riƙa cewa wane ba ya biyan bashi. Shirun kwana ɗaya ne ya jawo masa wannan.

Shari'a ba ta tilasta wa kowa karɓar bashi ba. Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta gina halaccin ciniki a kan yardar juna. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ke nuna yarda, ko da ba a furta da baki ba. Saboda haka kayan da aka ajiye maka ba ka nema ba, muddin ba ka taɓa su ba, amana ce a hannunka. Ranar da ka kwance bakin buhu ka ɗiba, aikinka ya yi magana a madadinka. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To, yaya mutum zai mayar da abin da ba ya so, sunansa bai ɓaci ba? Mun san abin da ke riƙe mutane: tsoron kada mai kaya ya yi fushi, gobe in buƙata ta gaskiya ta zo ya juya baya. Wannan tsoro ba na banza ba ne. A shekarar 2015, lokacin da fitina ta iso Boso da Diffa, aka taƙaita cinikin tattasai da kifi, hannun mutane da yawa ya bushe, kuma a 2019 Komadugu ta yi ambaliya ta cinye gonaki. Wanda ya ga wannan ya san cewa yardar da 'yan kasuwa suka yi masa ita ce jarinsa. Ga yadda za a kiyaye ta.

Na farko, kada ka buɗe, kuma ka gaya wa iyalinka kada su buɗe duk abin da aka kawo ba ka nan sai ka dawo.

Na biyu, ka gaggauta. Mayar da kaya washegari uzuri ne, mayar da su bayan wata guda zargi ne, domin ka tsare wa mutum dukiyarsa har kasuwa ta canza.

Na uku, ka je da kanka, kada ka aiki yaro. Ka keɓe da shi, ka ce: "Alhaji, na gode da ka ga na cancanci yarda. Bana ban ga hanyar biya ba, kuma ba na son in shiga haƙƙinka." Ɗan kasuwa mai hankali ba ya ƙin mai irin wannan magana, domin ya gane cewa ranar da wannan mutum ya ce zai biya, zai biya.

Na huɗu, ka tabbata an soke sunanka a littafinsa a gabanka, kuma wani amintacce ya gani. Mai kanti yana iya rasuwa, magada su buɗe littafi su tarar da sunanka.

Na biyar, kada ka yanke hulɗa. In akwai tsohon bashi, ka ci gaba da rage shi a kan lokaci. Ka riƙa sayen ɗan abin da kake iyawa hannu da hannu a wurinsa. Tsohuwar hulɗa mai tsabta ita ce shaidarka a kasuwa.

Idan kuwa ka duba ka ga kana buƙatar kayan, to, ku zauna kafin a taɓa su. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni a rubuta bashi, a sa masa lokaci sananne, a kafa shaidu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin 'ya'yan itace tun kafin su nuna, sai ya shar'anta musu awo sananne da lokaci sananne. Don haka mai ba manomi kuɗi a kan tattasai ya ambaci buhu nawa, wane iri, yaushe. "Sai kaka mu gani" ba farashi ba ne. Rancen da aka sharɗanta masa ƙari kuwa riba ce, ko da an sa masa suna mai daɗi.

Bashi don buƙata ba abin kunya ba ne, an ce hanji ne, yana cikin kowa. Annabi da kansa ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, kuma ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir na iyalinsa. Amma ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, ya bayyana cewa yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. An taɓa kawo masa gawar mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wanda ya san wannan ba zai ɗora wa wuyansa bashi don ɗinkin Salla ba. Wankakkiyar riga ta isa zuwa Idi.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah. Kada ku mayar da kunyar talaka tarko. Wanda ya dawo muku da kaya ku karɓa da sakin fuska, wanda kuke bi ya shiga ƙunci ku jinkirta masa, kamar yadda aya ta 280 a Baƙara ta koyar, in kun yafe ya fi muku alheri.

Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya wadatar da mu da halal, ya dawo da zaman lafiya a ƙasar Manga da Nijar baki ɗaya, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.