GAJEREN LABARI A WAYAR HANNU: WANE NE KE MAGANA, KUMA DAGA INA?

Wannan shi ne jawabin da wani malamin makaranta mai koyar da Hausa a ƙasar Daura ya gabatar gaban wasu matasa maza da mata masu sha'awar rubutu a garin Kongolam, bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Wakilinmu ne ya naɗo, muka rubuto maku kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.

 

An ce in yi magana a kan gajerun labarai, wato irin ƙananan ƙagaggun labaran nan da ke yawo a wayoyinmu, waɗanda wani bai wuce layi goma ba, wani ma layi uku ne ya ƙare. Da aka gaya mani sai na ce to ai kuwa in ana neman inda wannan magana ta dace, Kongolam ce. Domin nan ne garin da mutum zai zauna a ƙofar gidansu bai motsa ba, amma wayar da ke aljihunsa ta rikice, yanzu ta kamo layin Nijeriya, an jima ta kamo na Nijar. Da yawanku nan layi biyu gare ku, ɗaya mai farawa da 234, ɗaya mai farawa da 227. Da wannan kake kiran yayanka a Kano, da wancan kake kiran gwaggonka a Matamaye ko Kance, alhali kuwa tukunya ɗaya suka ci suka girma.

Ita wannan iyaka da ta sa muke riƙe da layi biyu, kun san ba kakanninmu suka shata ta ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna suka yi ta yarjejeniya, a 1898 da 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamomi. Kuma mu nan mun ɗanɗani abin da ake nufi da a ce an rufe ta. An rufe a watan Agustan 2019, ba a fara buɗe wasu mashigai ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Manyan motoci suka yi layi, kaya suka lalace, biki da suna da ta'aziyya suka zama sai ta ɓarauniyar hanya. To amma in tambaye ku, a duk tsawon wannan lokaci, akwai ranar da labari ya tsaya a shinge aka ce ya kawo takarda? Babu. Yarinya za ta rubuta labari da dare a Damagaram, kafin asuba an karanta shi a Daura da Zango da Sandamu, har an fara gardama a kan ko amaryar cikin labarin ta kyauta ko ba ta kyauta ba.

Wannan shi ya sa ban ɗauki abin da wasa ba, ko da yake na san akwai manyanmu da ke ganin shiririta ce.

Ku duba wani abu. A wannan zamani hukuma ta san ka ne da lamba. A Disambar 2020 gwamnatin Nijeriya ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, mai alƙaluma 11, kuma a Afrilun 2022 aka hana waɗanda ba su haɗa ba kiran waya. Ba ina cewa babu dalili ba ne, akwai. Amma lamba iyakarta ta ce wane yana nan, an haife shi shekara kaza. Ba za ta faɗi ɗan gidan wa ne ba, ko da wane baki yake magana, ko wa zai yi kuka in ya mutu. Wannan aikin labari ne. Bari in karanta maku wani da na ƙaga da kaina, don kada maganar ta zama a iska:

Tsohuwa ta ce wa jikanta ya kira mata ɗanta da ke Legas. Yaro ya danna, matar cikin waya ta ce ba a samun layin. Ya ce, "Iya, an rufe ne. Bai haɗa lambarsa ba, ba a san ko wane ne ba." Tsohuwa ta karɓi wayar ta kara a bakinta ta ce, "Baiwar Allah, ni na haife shi, ranar kasuwar Mai'aduwa, ga askar gidanmu nan a fuskarsa. Wace shaida kuma kike nema?"

Shi ke nan, ya ƙare. Na ga wasu sun yi dariya, wasu kuma sun yi shiru. To wanda ya yi shiru, na san yana da ɗan uwa a kudu. Yanzu ku cire "kasuwar Mai'aduwa" ku sa "wata rana", ku cire "askar gidanmu" ku sa "alama". Me ya rage? Labarin kowa, wato labarin da ba na kowa ba. Dogon littafi yana da filin da zai yi ta zagaye, shafi ɗari biyu, in ya ɓata nan ya gyara can. Gajeren labari ba shi da wannan gata. Kalma ɗaya ce ko biyu ke ɗauke da shi, kuma galibi ita ce kalmar da ke nuna daga ina mai maganar ya fito.

Kada kuma wani ya ɗauka gajarta baƙuwa ce da waya ta kawo mana. Tatsuniyar da kakarka ta yi maka a tsakar gida minti nawa ce? Almara fa? Wani Bature mai suna Frank Edgar ya tattara irin waɗannan har juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da yawansu ba su cika shafi ba. Alhaji Abubakar Imam, wanda a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, da ya zo Magana Jari Ce ai gajerun labarai ya jera a bakin aku. Abin da waya ta yi shi ne ta ƙara matse wurin. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙon tes ɗaya harafi 160 ne, in ka wuce a caje ka kuɗin biyu, sai mutane suka koyi tauna magana kafin su furta. Haka abin yake a wasu ƙasashe. A Japan, a 2007, biyar daga cikin littattafan ƙagaggun labarai goma da suka fi kasuwa a wayar hannu aka fara rubuta su. Wani marubuci ɗan asalin Nijeriya, Teju Cole, daga 2011 ya riƙa ɗauko ƙananan labarai daga jaridun Legas yana matse kowanne cikin harafi 140 na Twitter. Kai, akwai wani mutumin Gwatamala, Augusto Monterroso, da ya fitar da labari mai kalma bakwai kacal a 1959, har yau ana karantar da shi a jami'o'i.

Mu dawo gida. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla, inda ake neman labari mai kalma 1000 zuwa 1500. A 2022 wadda ta zo ta ɗaya ita ce Amira Souley daga Maraɗi, da labarinta Garar Biki. Ku lura da kyau. Ga baiwar Allah daga ƙasar da boko da Faransanci ake yin sa, ta shiga fage ɗaya da 'yan Kano da Zariya da Katsina, ta zo gaba. Kuma a kan me ta yi rubutu? Gara. Abin da ke hana uwa barci a Maraɗi shi ke hana uwa barci a Kongolam. Ba ta je ta aro damuwar wasu ba.

To a nan ne nake da ƙorafi da ku, ƙannena, kuma ku yi haƙuri zan faɗa. Ina karanta abin da kuke turawa a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Yaro bai taɓa wuce Kazaure ba, amma duk labarinsa a Dubai yake faruwa, ko a wani katafaren gida a Abuja mai mota goma sha biyu. Jarumin ba ya cin tuwo, ba shi da kawu, ba a taɓa tsayar da shi a shinge ba. Rabin maganarsa Turanci ne, Turancin ma na aro. Ina laifin mai ɗaukar kaya a babur tsakanin nan da Maimujiya? Ina laifin mai canjin kuɗi da ke lissafin sefa da naira a ka, ya fi na'ura sauri? Ina matar da aka kai ta aure ƙetaren iyaka, tana hango rimin garinsu amma an ce an rufe? Kuna zaune a kan rijiya kuna sayen ruwan leda.

Haka nan maganar baki. Na ga masu gyara wa 'yan uwanmu na Nijar rubutu, wai ba a cewa lakwal sai makaranta, ba a cewa mushe sai malam, ba a cewa duwan sai kwastan. In takardar jarrabawa ce, to, akwai daidaitacciyar Hausa, ni ma ita nake koyarwa, da ita nake cin abinci. Amma a bakin mutumin cikin labari, ku bar masa kalmarsa. Da zarar mai karatu a Kano ya ga "lakwal", ya san inda aka dosa ba sai an ɓata layi uku ana yi masa bayani ba. Mai karatu a Damagaram kuwa zai ji an san da zamansa. Mu ma mutanen Daura muna da namu harshen da ake gane mu da shi, kada kunya ta sa mu goge shi.

Sai maganar suna. Akwai wani ɗan labari da na rubuta shekarun baya na tura wa ɗalibaina. Bayan kamar wata huɗu sai ga shi wani ɗan uwana ya turo mani daga Damagaram, wai in karanta in ga yadda ake rubutu. An cire sunana, an sa na wani, an ƙara masa wa'azi a ƙarshe wanda ya fi labarin tsawo. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mani a rai. Domin ni ina da albashi. Akwai yarinyar da da kuɗin katin da masu karatu ke turo mata take sayen sabulu, ta kwana tana danna waya da babban yatsa, wani ya kwashe ya watsa kyauta ba ko suna. Wannan cin haƙƙi ne, ko a kasuwa aka yi shi ko a waya. In za ka tura, tura da sunan mai shi. In kai ka rubuta, sa sunanka da garinka. Na san akwai 'yan mata da ke sakaya suna saboda gida, wannan uzuri ne karɓaɓɓe, amma a riƙe laƙabi ɗaya a san ki da shi, kada yau ke ce wance gobe ke ce wane.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wannan. Kakanninmu in za su yi tatsuniya sai sun ce ga ta nan ga ta nanku, in sun gama su ce ƙurunƙus. Mene ne amfanin wannan? Shinge ne. Ana gaya wa yaro cewa daga nan zuwa nan ƙage ne, kada ka tashi gobe ka je neman Gizo a bayan gari. To yanzu Gizon ya samu yana, har sunansa aka sa wa intanet, yanar gizo, amma an bar buɗewar da rufewar. Mutum zai ƙaga labari, ya sa sunan gari na gaske, ya ce wata mata a unguwa kaza ta zuba wa ɗan kishiya guba, ko wasu baƙi daga ƙetare sun shigo da kaza. Na farko ya san ƙage ne. Na biyu ya tura. Kafin ya kai hannu na goma ya zama "labari da ɗumi-ɗuminsa", an haɗa da hoton wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. A gari irin namu, inda baƙo da ɗan gari kullum suke cakuɗe, kuma rabin dangin kowa na wancan gefe, irin wannan na iya sa a taɓa mutumin da bai ji ba bai gani ba. Kuma gajarta ce ke ba shi ƙafa, don dogon littafi ba wanda zai ɗauke shi rahoto, amma layi biyar kama yake da sanarwa. Saboda haka ku rubuta a sama ƙarara cewa ƙagaggen labari ne. Kalma biyu ce, ba ta cin data.

Akwai kuma mai ɗauko sirrin maƙwabciya, ya canza harafi ɗaya a sunanta, ya ce ai ƙirƙira ce. Duk unguwa ta gane. Wannan ba sai na tsaya a kansa ba, kun san sunansa, kuma sa shi cikin labari bai canza masa suna ba.

Yanzu ga aikin da zan bar maku kafin haɗuwarmu ta gaba. Kowa ya rubuto labari ɗaya da bai wuce kalma 100 ba. Ya faru tsakanin Daura da Matamaye, kada ya wuce nan. A samu waya a ciki, a samu mutum biyu da wani abu ya raba ko ya haɗa. A sa "ƙagaggen labari" a sama, suna da gari a ƙasa. Kafin ka kawo mani, ka tura wa wani ɗan uwanka na wancan gefen ta ɗaya layin naka, ka tambaye shi wace kalma ce bai gane ba, wace ce kuma ta sa shi murmushi, ka zo mani da amsarsa. Wanda ba shi da babbar waya ya rubuto a takarda, ni zan buga masa.

Na ga masu komawa Maimujiya sun fara duban rana.