Malamin da Ya Ƙware a Ilimin Saye da Sayarwa

 Jawabin wannan wata a kan wani malami ne na ƙasar Amurka, mai suna Philip Kotler. Aikinsa shi ne binciken saye da sayarwa.

An haife shi a birnin Cikago a shekarar 1931. Iyayensa baƙi ne, daga ƙasar Yukren suka yi ƙaura. Ya karanta ilimin tattalin arziki a Jami'ar Cikago, ya sami digiri na biyu a 1953. Daga nan ya wuce babbar makarantar MIT, ya sami digirin dakta a 1956. A 1962 ya fara koyarwa a Jami'ar Northwestern, inda ya zama farfesa. A 1967 ya fitar da littafinsa mai suna Marketing Management, a kan yadda ake tafiyar da kasuwanci. An fassara shi cikin harsuna da yawa.

To, mene ne darasinsa? A ganinsa, kasuwanci ba ya farawa ranar kasuwa. Tun kafin a yi kaya ake tambayar abin da mai saye yake bukata. Wanda ya yi kaya tukuna sannan ya fara neman mai saye, sau da yawa sai ya karyar da kuɗi.

Ya yaɗa abubuwa huɗu da wani malami, Jerome McCarthy, ya tsara a 1960. Na ɗaya, kaya: su zama masu kyau. Na biyu, farashi: a lissafa abin da aka kashe kafin a yanka kuɗi. Na uku, wuri: a kai kaya inda ake nemansu. Na huɗu, talla: mutane su san kayan suna nan.

A 1971 shi da Gerald Zaltman suka nuna cewa dabarun nan suna aiki wajen jawo hankalin jama'a ga kiwon lafiya da sauran ayyukan alheri.

Jama'a, manomin da ya zubar da amfaninsa duka da kaka, lokacin da kasuwa ta cika, guminsa wani ne zai ci. Wanda ya iya karatu da lissafi kuwa, sai ya rubuta kuɗin iri, da na taki, da na ƙwadago, da na mota. Idan dillali ya taya, ya san ko akwai riba ko babu. Ku sayi ɗan littafi da fensir, ku fara rubutawa tun daga shukar bana.