Kalmomin Yawa Na Turanci Da Manomin Kafur

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Kafur lokacin babban hutu



Kusan dukanmu 'ya'yan manoma ne. Da kuɗin masara da dawa da auduga aka sa mu makaranta, kuma idan takarda ta zo daga ofis da Turanci, mu ake miƙa wa mu fassara. Saboda haka muka ga ya kamata mu duba kalmomin da Turanci ke faɗin yawa da su, da yadda muke isar da su ga iyayenmu.

Da farko, Bahaushe ba baƙon lissafi ba ne. Yana da ɗari da dubu da zambar, ya kuma aro metan da arbaminya da hamsaminya da alfyan daga Larabci. A zamanin Turawa ya kira fam 100 jaka guda, da naira ta shigo a 1973 sai jakar ta zama naira 200. Kowace daga cikin kalmomin nan, mai faɗa da mai ji sun san iyakarta.

Amma miliyan da biliyan da tiriliyan sun shigo mana ta rediyo da takardun gwamnati, musamman tun da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975 da rancen Bankin Duniya. Da yake sautinsu ya yi kama, mutane da yawa sun ɗauka tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce. To, mu auna. Daƙiƙa miliyan ɗaya kwana 11 ce da rabi. Daƙiƙa biliyan ɗaya kuwa ta haura shekara 31. Su kansu masu harshen sun daɗe suna saɓani: a Ingila biliyan tana nufin miliyan sau miliyan, a Amurka miliyan dubu, sai a 1974 gwamnatin Ingila ta bi lissafin Amurka. A Faransanci har yanzu miliyan dubu miliyar ce, abin da muke ji a bakin 'yan'uwanmu na Maraɗi.

Haka kuma tan iri uku ne. Na Ingila kilo 1,016, na Amurka kilo 907, na awon zamani kilo 1,000. Manomin da ke auna hatsinsa da tiya da buhu, idan muka ce masa an kawo taki tan 1,000, ba mu gaya masa kome ba. Amma idan muka ce buhu 20,000 ne mai kilo 50, wato lodin tirela 33 da ɗoriya, nan take zai yi lissafi ya tambaya ina nasa rabon.

Akwai kuma kalmomin da ba su da iyaka, irin su "several" da "substantial" da "considerable", waɗanda rahotannin ofis ke cike da su. Mu ma muna da irinsu: tuli, jingim, birjik, malala gashin tinkiya. Sai dai mu a hira muke faɗinsu, ba wanda ke sayar da hatsi da su a kasuwar Malumfashi. Jami'in da ya rubuta cewa an raba iri mai yawa, ya rufe ƙofar bincike ke nan, domin ba mai iya ƙirga "mai yawa".

Don haka muna kira ga 'yan'uwa da abu uku. Na ɗaya, duk inda muka fassara babbar lamba, mu mai da ita awon da manomi ya sani. Na biyu, idan muka ga kalmar yawa ba adadi, mu tambaya nawa ne. Na uku, ranar da alƙalami ya zo hannunmu a ofis, mu rubuta adadin filla-filla. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani: iyayenmu ba su taɓa karɓar awo ba tare da sun ga bakin tiya ba, kada mu zama mu ne muka koya musu hakan.

Allah ya ba mu damina mai albarka.