Daga majigi zuwa wayar hannu: bikin fim a ƙauye zai yiwu?

Yau hirar tamu ta fim ce, amma ba ta Kannywood ba.

Kakana ya sha ba ni labarin majigi. Mota ce ke shigowa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tada janareta, in duhu ya yi gari duka ya fito. Fim ɗin da ba ya mantawa shi ne Baban Larai, na koyar da noman auduga, wanda aka riƙa nunawa tun zamanin Turawa. Mutanen yankin Daudawa ta Faskari kuwa ba a ba su labarin auduga. Amma ku lura, gwamnati ce ke zaɓar abin da za a kalla. Namu zama ne da kallo.

Yau kuma fa? Ka rubuta Ƙanƙara a intanet, abin da zai fara fito maka shi ne ɗalibai sama da 300 da aka sace a makarantar kimiyya ranar 11 ga Disamba, 2020. Ka rubuta Faskari ko Sabuwa, hari ne. Ba ƙarya ba ne, ya faru. Amma shi ke nan labarinmu? Ina mai haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara? Ina matar da ta koma gonar masara bayan gudun hijira?

Abin da ya sa nake ta tunanin wani biki ke nan, sunansa FiSahara. Tun 2003 ake yin sa a sansanonin 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara, kusa da Tinduf a Aljeriya. Babu sinima, babu otal. A jikin babbar mota ake haska fim, mutane na zaune kan rairayi. Baƙi kuwa a gidajen 'yan sansanin suke kwana, su ci abin da masu gida suka ci. Wanda ya zo na ɗaya, farin raƙumi ne kyautarsa! Abin da ya fi burge ni, daga baya an buɗe makarantar koyon fim a can, matasansu suka fara ɗaukar labarinsu da kansu.

Na san me za ku ce: "Malam, a Sabuwa za ka tara jama'a da dare?" A'a, wallahi ba zan ce a yi haka ba, rai ya fi fim. Amma wa ya ce dole sai dare? Aji guda na firamare ranar Asabar, a toshe tagogi da barguna, a kunna na'urar haska hoto da batirin sola, a tashi kafin la'asar. A fara zama da mai gari da liman, su ga finafinan tukuna. Ku tuna yadda aka soke shirin ƙauyen fim na Kano a 2016 bayan malamai sun yi ca a kansa. Abin da aka yi shawara da gari shi ke ɗorewa. A ware wa mata lokacinsu. Wanda bai yarda a nuna fuskarsa ba, kada a nuna, kuma kada a ɗauki abin da zai jefa wani cikin haɗari.

Finafinan kuwa na minti biyar ne, da waya. Ko lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu a 2021, masu tura finafinai a kasuwa ba su daina aiki ba. Hanyar rarrabawa muna da ita ke nan.

To ni dai na fara. Makon jiya na zaunar da kakata, na ɗauki minti shida tana kaɗi da mazari tana ba ni labarin aurenta. Hoton na rawa, akuya na kuka a baya, amma ƙannena sun kalla sau uku.

Kai fa, wa za ka fara ɗauka a garinku? Ku gaya mini. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.