Tafkin Keta da Makomar Mutanensa



Tafkin Keta shi ne mafi girma cikin tafkunan gaɓar tekun Gana, wani siririn tudun yashi ne ya raba shi da teku. A kan tudun nan Anlo, wani reshe na ƙabilar Ewe, suka kafa garuruwansu. Su masunta ne, suna noman albasa, da rani kuma suna kwasar gishiri.

Rayuwar tafkin ta dogara ne a kan Kogin Bolta, wanda ambaliyarsa ke kawo ruwan daɗi, yashinsa kuma ke ciko gaɓar. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ƙasa ta sami lantarki, amma yashi ya riƙa kwantawa a bayan madatsar. Zaizayar da ta daɗe tana damun Keta ta ƙaru, teku ya cinye gidaje da tituna masu yawa.

A 1992 aka sa tafkin cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, daga baya kuma aka jera duwatsu don tare igiyar ruwa. Amma dutse ba ya hana masunci saƙa taru mai ƙananan idanu, ko sare itatuwan bakin ruwa don bandar kifi, alhali a saiwoyinsu kifi ke hayayyafa. Abin da zai hana shi sai wata hanyar abinci, da dokar da aka tsara tare da sarakunansa. Ma'aikacin da zai sa hannu a takardar gina madatsa, wajibinsa ne ya fara sauraron mutanen da ke ƙarshen kogin.