Mu Durƙusa Mu Duba Ɗakin Yaranmu

Jawabin da wata ma'aikaciyar lafiya ta gabatar a taron dattawa, zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi na ikilisiyoyin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

  An ce in yi magana a kan lafiyar ƙananan yara a wuraren da muke tara su, wato ɗakin makarantar Lahadi, da ajin rainon yara da wasu ikilisiyoyinmu suka buɗe, da inuwar da ake barin yara a lokacin sujada ko ranar taron mata.

Zan fara da abin da na gani da idona. Wata Lahadi cikin damina, a wata ikilisiya da ba zan ambaci sunanta ba, aka kawo mini yarinya 'yar shekara uku, miyau yana ta dalala daga bakinta, tana amai, numfashi yana yi mata wuya. Ashe a ɗakin da ake koya wa yara waƙa wani ɗan'uwa ya ajiye injin feshinsa tun ranar Asabar, da ragowar magani a cikin kwalbar lemo. Yarinya ta ga kwalbar lemo, ta sha. Kafin a kira ni har an ɗura mata manja. Muka ɗauke ta a babur zuwa asibiti, Allah ya sa ta rayu. Wannan ɗan'uwa ba mugu ba ne, yana cikin masu share majami'a kowane mako. Shi dai ya ajiye kwalbar a ƙasa, inda idon babba ba ya kaiwa, amma nan ne daidai hannun yaro.

Saboda haka roƙona a yau guda ɗaya ne. Idan kun koma gida, ku shiga ɗakin yaran, ku durƙusa a kan gwiwa, ku duba ɗakin daga tsayin ɗan shekara biyu. Yaro yana rarrafe, yana tsotsar yatsa, duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Kuma jikinsa ƙarami ne, gubar da za ta sa babba ciwon kai kawai tana iya kashe shi. Abubuwa huɗu nake so ku nema.

Na farko: maganin gona

Mu manoma ne. Masara da shinkafa da wake da rake su suke riƙe da gidajenmu da baikonmu. Duk wanda ya shiga kasuwar Kwanar Dangora ko ta Tudun Wada da farkon damina zai ga yadda ake sayen maganin ciyawa da na ƙwari. Damuwar ita ce yawancin ikilisiyoyinmu ɗaki ɗaya suke da shi bayan majami'a. Shi ne ajin yara, shi ne kuma ma'ajin taki da injin feshi da buhunan godiyar kaka.

Ku lura da abubuwa biyu musamman. Akwai maganin ƙwari irin Sniper da wanda ake ƙullawa a ƙananan kwalabe ana kira fiya-fiya, wanda wasu suke yayyafawa a ɗaki domin sauro. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, domin maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Akwai kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake ko masara, wato Phostoxin. Da zarar ta ji danshi sai ta fara fitar da iska mai guba, kuma wannan guba ba ta da makari. Buhun da aka sa wa wannan ƙwaya kada ya kwana ɗaki ɗaya da mutum, balle a jingina shi a ajin yara. Ga hatsin baiko, gara ikilisiya ta sayi buhun PICS mai ninki uku, wanda yake kashe ƙwari ta wurin hana su iska, ba sai an sa magani ba.

Kada a juye magani ko kananzir a kwalbar lemo ko ta ruwa. Jarkar magani da ta ƙare a huda ta, kada a wanke ta a maida ta abin ɗiban ruwa. Idan kuwa tsautsayi ya faru, kada a ba yaro manja ko madara, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro domin ya yi amai, gama abin yana iya komawa cikin huhu. A tuɓe masa rigar da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti mafi kusa tare da kwalbar, domin likita ya san abin da zai yi yaƙi da shi.

Na biyu: ƙasa da ƙura

Da yawa a cikinmu sun tuna abin da ya faru a jihar Zamfara a 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da 'Yargalma da Bagega, mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa. Duwatsun suna ɗauke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke wasa, yara fiye da 400 suka mutu. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna da 'yan'uwa masu aikin haƙar ma'adinai a Riruwai da kewayenta, kuma duwatsun wurin ba kuza kaɗai ke cikinsu ba, akwai wasu ma'adinai har da dalma. Mai wannan aiki ya bar dutse a wurin aiki, ya wanke jikinsa, ya sauya tufafi da takalmi kafin ya ɗauki yaro. Kada a ɗebo yashi daga wurin haƙa a zuba a filin wasan yara.

Dalma tana shigowa ta wasu hanyoyi kuma. Tsohon batirin mota ko na sola da muka gama amfani da shi wajen lasifika, wanda aka yasar a lungu ya fashe, cike yake da ita. Haka wani kwallin gargajiya da ake sa wa jarirai a ido. A 2011 a Amurka an gwada irin wannan kwalli da aka kai daga Najeriya, bayan an sami guba a jinin wani jariri, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan yaro da babba suka haɗiye dalma daidai wa daida, jikin yaron yana shan ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babban zai sha. Ba kullum take kisa ba. Sau da yawa sai ta taɓa ƙwaƙwalwa a ɓoye, yaro ya girma karatu yana yi masa nauyi, mu kuwa muna ta dukansa muna cewa daƙiƙi ne.

Maganin mai sauƙi ne. A yi wa ɗakin daɓen siminti in da hali, in babu a shimfiɗa tabarma. A yayyafa ruwa kafin shara, kuma a yi sharar kafin yara su iso. A wanke musu hannu da sabulu kafin a ba su ko da ƙuli-ƙuli ne.

Na uku: ruwa

Rijiyar da ke harabar majami'a tana da murfi? Bakinta ya ɗaga sama da ƙasa? Ana kulle ta? Yaro mai tatata ko cikin bokiti ya faɗa da ka, ba zai iya fitar da kansa ba, kuma ba za a ji kukansa ba. Haka ramin da aka haƙa aka yi bulon gini, damina ta cika shi da ruwa. A cike shi.

Sai ruwan sha. Randa ɗaya da moɗa ɗaya, yara talatin suna tsoma hannu, hanya ce ta gudawa. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, jihar Kano tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. A tafasa ruwan yara ko a sa masa maganin tsabtace ruwa, a zuba a bokiti mai murfi da famfo. A tanadi fo domin ƙanana, a zubar da kashin a masai, kuma bakin masan ya zama ƙarami mai murfi.

Ikilisiyoyin da ke kusa da madatsar ruwa ta Tiga da hanyoyin ruwan noman rani, ku hana yara wasa a ruwan da ke kwance. Ƙwayar cutar tsargiya tana fitowa daga ƙananan katantanwa na cikin ruwa, ta shiga ta fata. Jini a fitsarin yaro ba alamar girma ba ne, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti.

Na huɗu: hayaƙi da wuta

Muna kai janareta bayan majami'a domin ƙararsa kada ta dami masu sujada, sai ya zama yana ƙarƙashin tagar ɗakin yara. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai kisa wadda ba a gani, ba ta da wari. Yaro ya fara jin barci, mu ce gajiya ce. A kai shi nesa, a fili. Iyayenmu mata, ranar babban taro a kafa murhu nesa da inda yara suke, kada a sauke tukunya mai zafi a kan hanyarsu, kuma mai goyo kada ta daɗe a cikin hayaƙi.

Wa zai ɗauki nauyi?

Dattawa, a nan maganar ta zo gare ku. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma aikin da aka bar wa kowa ba mai yinsa. Ina ba da shawara kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu, dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata, su riƙa zagaya ɗakin yara da harabar kowace Asabar da yamma. Maɓallin ma'aji ya kasance a hannun mutum ɗaya. Kada a bar yara ƙanana a hannun yarinya 'yar shekara goma, a sa manya su riƙa karɓa-karɓa, ko da za su rasa wa'azin wannan ranar. A san mai babur ko mota da za a kira, a kuma ware ɗan kuɗin mai a hannun ma'aji, domin yawancinmu muna nesa da asibiti.

Na san ƙarfinmu kaɗan ne, wasu majami'unmu ko rufinsu ba mu gama ba. Amma murfin rijiya da kwaɗo da sabulu da tabarma ba su kai kuɗin lasifika ɗaya ba. Yarinyar nan da na ba ku labari ta girma, tana makaranta. Duk lokacin da na gan ta sai in tuna cewa da an ɗaga kwalbar nan zuwa inda hannunta ba zai kai ba, da ba mu yi wannan gudun ba.

Allah ya kiyaye mana yaranmu, ya ba mu idon ganin abin da ke gabanmu.