Bayan Tiyata, Wa Zai Riƙe Bakin A Buɗe?

Laccar da aka gabatar a taron al'umma a Amarawa, Ƙaramar Hukumar Illela, Jihar Sakkwato

Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, ungozomomi, wanzamai, 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, da baƙinmu da suka ƙetaro daga Ƙonni, barkanku da zuwa.

An nemi in yi magana a kan jinyar tsokokin baki da na fuska, wato naman da ke motsa leɓe, da kunci, da harshe, da muƙamuƙi, da fatar ido. Da su jariri ke kama nono, da su ake tauna tuwo a haɗiye, da su yaro ke biya allonsa. Harshe kaɗai tsokoki iri 8 ne suka haɗu suka yi shi. Mai lafiya ba ya tuna su, sai ranar da ya kurɓi ruwa ya ga yana zubowa ta gefen bakinsa. Aikina gashi ne, wanda a asibiti ake ce wa fisiyo, kuma abin da ya kawo ni guda ne: in shaida muku cewa magani da tiyata rabin aiki ne, ragowar rabin a cikin gidajenku ake yin sa, ko kuma a can yake lalacewa.

Zan fi daɗewa a kan cutar noma, mai zaizaye baki da fuskar yara, don ita ce tamu. Wasu na ce mata ciwon iska, wasu ciwon daji. Ba iska ba ce, ba maita ba ce, kuma ba a ɗaukar ta daga wani. Takan kama yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, galibi bayan yaye, musamman wanda tamowa ta rame, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Da dasashi take farawa: ya kumbura, ya riƙa jini, baki ya yi wari, yaro ya ƙi abinci. Sai kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki naman ya yi baƙi, ya mutu, ya zube. A lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1998, yara 140,000 ke kamuwa a kowace shekara, kuma idan ba a yi magani ba, 9 cikin 10 ba sa rayuwa. Abin da ke ci mini rai shi ne, a matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Kuɗin bai kai na buhun gero ba.

Mu a jihar nan Allah ya yi mana gata. Tun 1999 akwai asibitin yara masu cutar noma a cikin garin Sakkwato, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tare da shi. Ana tiyata kyauta. Ta ɓangaren Nijar, ƙungiyar Sentinelles ta daɗe da cibiya a Damagaram. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci, kuma aka amince ranar 15 ga Disamba, 2023. Daga cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan fafutuka har da Mulikat Okanlawon, wadda cutar ta kama tana yarinya, aka yi mata aiki a Sakkwato, ta kuma zama ma'aikaciya a asibitin. Duk wannan abin godiya ne.

To amma ga abin da ba a cika faɗa ba. Yaron da ya tsira daga noma, gyambonsa yakan warke ya bar tabo mai tauri, kuma tabo ja yake yi. Ku mutanen kasuwar dabbobi ne, kun san ƙirgi: in aka shanya shi ba a kafe gefunansa da turaku ba, yana bushewa yana tattarewa. Haka tabon cikin kunci yake jan muƙamuƙin ƙasa ya haɗe shi da na sama, har baki ya ɗaure. Akwai yaran da ta giɓin haƙori ake tura musu abinci, wasu ta ramin da cutar ta bari a kunci, shekara da shekaru. Ba su iya goge haƙora, magana ba ta fita, kuma in amai ya zo musu rayuwarsu na cikin hatsari.

Likitan tiyata zai yanke tabon, ya ɗauko fata da nama daga wani wuri ya cike gurbin, baki ya buɗe. Iyaye su yi murna, a sallamo su. Sabon yankan kuwa shi ma tabo zai yi, kuma zai ci gaba da ja har tsawon watanni, wani lokaci ya haura shekara. In ba a motsa bakin kullum ba, sai ya koma yadda yake. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba: yaro ya tafi gida yatsu uku na shiga bakinsa, ya dawo bayan damina ko ɗaya ba ya shiga. Ba sakacin uwa ba ne kawai. Daga nan zuwa Sakkwato ya fi kilomita 80, kuɗin mota na mutum biyu ne, ga aikin gona, ga wasu yaran a gida, ga hanya da ba kullum hankali ke kwanciya da ita ba. Wanda ya ce mata ta dawo kowane mako bai san rayuwarta ba.

Shi ya sa nake so ilimin ya zauna a nan Amarawa. Ba shi da wuyar koyo. Ma'aunin na hannun kowa: bakin mai lafiya yana ɗaukar yatsunsa uku a jere, a tsaye, tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, wato kamar milimita 35 zuwa 45 ga babba. Da yatsun yaron ake aunawa, ba da na uwarsa ba. A asibiti ana amfani da 'yan katakon nan masu faɗi da likita ke danne harshe da su. A jera su, a sa tsakanin turamen haƙora, a bar su na ɗan lokaci, a huta, a maimaita, sau da yawa a yini. In bakin ya saba, a ƙara katako ɗaya. Uwa ta riƙa ƙirga katakon: in jiya takwas ne yau bakwai suka shiga, tabo ya fara cin ƙarfinta, ta nemi ma'aikacin lafiya tun kafin su koma biyar. In gyambo ya warke sarai, a riƙa murza tabon da mai a hankali, ciki da waje. A daina ba yaron kunu kaɗai don tausayi. A ba shi abin taunawa gwargwadon ƙarfinsa, tauna ita ma magani ce. Akwai zafi, kuma yaro zai yi kuka. Uwa ita kaɗai ba za ta jure ba, sai uba ya zauna, sai kaka ta daina cewa a ƙyale shi haka nan. Na fi son a ɗaura atisayen a kan lokutan salla, don su ne ba a mantawa a gidajenmu.

Gargaɗi biyu a nan. In ƙashi ne ya haɗe da ƙashi, babu katakon da zai buɗe shi, sai tiyata, kuma wanda ya sa ƙarfi haƙora zai karya. Sannan bakin da ya ɗaure farat ɗaya bayan rauni, ko jaririn da ya daina kama nono jikinsa na sandarewa, wannan alamar tetanus ce. A nufi asibiti a daren, kada a jira safiya.

Bari in juya ga manya. Mutum ya kwanta lafiya, ya tashi bakinsa ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, sai a ce iska ta buge shi. Abu biyu ne ke kawo haka, kuma bambanta su na iya ceton rai. Ku ce ya ɗaga girarsa. In goshin ɓangaren da ya shanye bai motsa ba ko kaɗan, hannu da ƙafa kuma lafiya lau, yawanci jijiyar fuska ce ta kumbura a hanyarta ta cikin ƙashin bayan kunne. In kuwa goshi na motsi amma baki ya karkace, ga hannu ya yi nauyi, magana na sarƙewa, to daga ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki ce, a sa shi a mota nan take. Wanda bai tabbatar ba, ya ɗauke ta a matsayin ta biyun.

Ta farkon tana da sauƙi. Kusan 7 cikin 10 na warkewa sarai, kuma akwai maganin da ke ƙara yawan masu warkewa in an fara shan sa cikin awa 72. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A yi tofi, a kuma je, amma kada kwana ukun nan su ƙare ana turare. Ido ne abin tsoro: tun da ba ya rufuwa, yakan bushe, ƙurar hunturu ta ƙarce shi. A sa maganin ɗigawa, a rufe shi da dare, ɗan kabu-kabu ya sa tabarau. Atisaye a gaban madubi ake yi, a hankali: rufe ido, haɗe leɓe, hura kumatu, murmushi ɗan kaɗan yadda ɓangarorin biyu za su daidaita. Masu murtuke fuska da ƙarfi don su warke da wuri sukan gamu da wata matsalar, ido ya riƙa ƙiftawa duk lokacin da suke tauna. Kada a yi sakiya, kada a yi ƙaho a fuskar, kada a gasa ta da abu mai zafi.

Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa, ana kula da ƙafarsa da hannunsa a manta da maƙogwaronsa. Da yawa ba shanyewar ke kashe su ba, abinci da ruwan da ke sulalewa cikin huhu ne. In yana tari duk lokacin da ya sha ruwa, ko muryarsa ta jiƙe bayan haɗiya, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi komai, a yi amfani da ƙaramin cokali, a ba shi abu mai ɗan kauri, don ruwa tsararo ya fi saurin sarƙe shi. A duba kuncinsa bayan ya ci, abinci na maƙalewa a can bai sani ba. Haka dokar take ga yaron da ya sami matsalar ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, mai dalalar da miyau. Iyayena mata, ku yi mini haƙuri, amma ɗura ga irin wannan yaro hatsari ce babba. Toshe hanci a kwarara kunu hanya ce ta kai shi huhu.

'Yan'uwana wanzamai, na san ku ne ake fara kira ranar suna da kuma ranar da yaro ya ƙi nono. Kuna ganin cikin bakin jarirai fiye da kowane likita a ƙasar nan. Ba na goyon bayan cire belu, jini da ƙwayoyin cuta da yake jawowa sun fi amfanin da ake zato, kuma ba kowane linzamin harshe ke bukatar aska ba. Abin da nake roƙo shi ne ku zama idonmu. In kun ga jaririn da gandarsa ke tsage, nono na fitowa ta hanci, ko yaron da dasashinsa ke jini yana wari, ku ce a tafi asibiti yau. Maganarku ta fi tawa nauyi a wurin iyaye. Tsagewar leɓe ana ɗinke ta tun jariri na wata 3 zuwa 6, ta ganda kuma wajen shekara ɗaya, kuma ƙungiyar Smile Train na biyan kuɗin irin wannan aiki a asibitoci da dama a Najeriya.

Har yanzu a kan yara, tsotson yatsa ba abin damuwa ba ne sai ya wuce shekara 4, lokacin da yake fara tura haƙoran gaba. Yaron da kullum bakinsa ke buɗe yana minshari, a fara duba hancinsa da maƙogwaronsa.

Yanzu ga malamanmu. Yaron da aka ɗinke wa ganda ko aka gyara wa leɓe, ba ya tashi daga gadon tiyata da magana daidai. Ya saba fitar da iska ta hanci, ya saba ƙirƙiro sauti daga maƙogwaro, sai an sake koya masa. Ƙwararrun gyaran magana kaɗan ne ƙwarai a arewa, a manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ake zuwa neman irin wannan taimako. Amma a kowace unguwa akwai malamin da ya san mafitar haruffa: ya san ba da mim daga haɗuwar leɓɓa suke, ya san inda kan harshe ke taɓawa a ta da dal, ya san kaf daga can baya take fitowa, ya san sautin da ke bi ta hanci da wanda ba ya bi. Wannan ilimi shi ne ginshiƙin aikin gyaran magana. Abin da ya rage shi ne a zaunar da malamin da ma'aikacin asibiti wuri ɗaya, a nuna masa abin da tiyata ta gyara da abin da ba za ta iya ba, don kada a doki yaro a kan harafin da bakinsa bai kai ga furtawa ba. Kuma, Allah ya gafarta malam, ka zaunar da shi a sahun gaba, ka hana a yi masa dariya. Yaron da ke rufe fuska da mayafi ba zai buɗe baki ya gwada ba.

Roƙona ga iyayen ƙasa da shugabannin ƙaramar hukuma shi ne a zaɓi ma'aikatan lafiya biyu daga yankin nan, mace da namiji, a tura su asibitin noma na Sakkwato su koyi auna baki da atisayensa. A ware rana ɗaya a mako, ranar da mutane suka saba shigowa kasuwar Illela, a riƙa duba waɗanda aka sallamo, na wannan ɓangaren iyaka da na wancan, a rubuta ma'aunin kowa a littafi. Ku kuma iyaye, in kun koma gida yau, ku kira duk yaron da bai kai shekara 7 ba, ku ɗaga leɓensa a cikin haske ku dubi dasashinsa. In kun ga jini ko kumburi ko kun ji wari, ku kai shi asibiti gobe da safe.